Bindigar da Inna ta tsinta a cikin harawa

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kudu, an yi wani ɗan zamani da fashi ya addabi hanyoyin ƙauyukanmu na wajen Basirka. Ido na ganin ido ake yi. Ranar kasuwa, da la'asar sakaliya, idan mutane sun kamo hanyar gida, sai wasu su fito daga cikin dawa fuska a rufe, su tare mai babur, su ƙwace babur ɗin da abin da ke aljihunsa. Wanda ya yi gardama kuwa sai su harbe shi.

Ƙanena na cikin waɗanda abin ya faɗa wa. Ɗan acaɓa ne, tsakanin Basirka da Gwaram yake jigila, yana da mata da 'ya'ya biyu. Suka tare shi, ya ƙi sakin babur, suka harbe shi a cinya. Sai da ya yi sati biyar kwance a asibiti. Ya dawo gida yana ɗingishi, amma ba ƙafar ce ta fi damunmu ba. Mutum ne mai barkwanci, wanda in yana gida tun daga zaure za ka sani, sai ga shi ya koma shiru-shiru. Abin da kawai yake maimaitawa shi ne ya gane muryar ɗaya daga cikinsu. Wai wani saurayi ne daga rugar da ke bayan garinmu, wanda ya sha ɗauka a babur. Bai ga fuska ba, ba shi da shaida, murya kawai. Muka yi ta ba shi haƙuri, muka ɗauka zafin ciwo ne, zai wuce.

Da abin ya ishi kowa sai aka kafa kwamitin haɗin gwiwa. Akwai 'yan sanda, 'yan sintiri, mafarauta, dagatai da masu unguwanni, limamai, da ardon Fulani. Ni aka naɗa magatakarda na ɓangaren garinmu. Kada ku ɗauka don jarumta ne. Ni mutum ne da ko ragon layya ake yankawa sai na kau da kai. Rubutuna ne mai kyau, kuma duk Juma'a ina gida, shi ke nan dalilin.

Cikin abubuwan da kwamitin ya yanke akwai cewa duk wanda ya ajiye bindiga ba da izini ba ya kawo ta gidan dagaci kafin wani wa'adi ya cika. Za a karɓa a gaban jami'in 'yan sanda, a rubuta, mutum ya koma gidansa ba wanda zai kama shi. Bayan wa'adin kuwa, wanda aka samu da ita sai kotu. Ni nake tashi bayan sallar Juma'a in karɓi lasifika in yi wannan sanarwa. Na kuwa iya ta. Har da nuna yatsa, har da cewa, "Jama'a, ko ɗan'uwanka ne, ciki ɗaya, kada ka rufa masa." Mutane suna gyaɗa kai, ni kuma ina jin kaina wani abu.

Ana saura kwana uku wa'adin ya cika, ranar wata Laraba, yara sun fita hutun ƙarfe tara, sai ga wayar mahaifiyata. Inna ba ta kiran waya, sai dai a kira ta, don haka na san akwai magana.

"Ka zo gida yau," ta ce.

"Inna, lafiya?"

"Lafiya. Ka zo dai."

Na nemi izini wajen hedimasta na hau mota. Da na isa ban ko sha ruwa ba ta shige da ni ɗakinta, ta saki labule, ta jawo wani buhu daga ƙarƙashin gado. Ta ce in buɗe. Bindiga ce ƙirar gida, gajera mai baki biyu, an naɗe ta da tsohuwar rigar sanyi, ga harsasai a ƙulle cikin leda. Rigar na san ta, ta ƙanena ce.

"Na je ciro wa awakina harawa a kan rumfa," in ji Inna, "na jawo dami sai ta faɗo gaban ƙafata."

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba. Abin da ya fara zuwa raina ba ƙanena ba ne, ba kuma wanda za a iya harba ba. Kaina na tuna. Na hango ni a ƙofar masallaci riƙe da lasifika, na hango yadda za a yi ta labarin cewa a gidan magatakarda aka samu bindiga. Sai na rage murya na ce, "Inna, akwai tsohuwar rijiyar nan ta gonar Baba da ba a ɗiba. In na jefa ta ciki, shi ke nan, ba wanda ya ji ba wanda ya gani."

Ta dube ni ta daɗe. "Kai ne kake tsayawa kana ce wa mutane su kawo tasu. Taka ce za a jefa rijiya?"

Na ce to bari in kai da kaina, in ce a gona na tsinta.

"Ƙarya za ka je ka yi gaban dagaci da gemunka? Kuma in ka jefar da wannan, ko ka kai ta a ɓoye, gobe ya nemo wata. Ni ba ƙarfen ne ya hana ni sukuni ba. Abin da ke ransa ne."

Muka zauna muna jiransa. Bayan azahar ya dawo daga gona, ya jingine fartanya, Inna ta kira shi ɗaki. Yana ganin buhun ya tsaya cak a bakin ƙofa. Sannan ya shigo ya durƙusa.

"Ta tsaron gida ce, Inna."

"Tsaron gida a cikin harawa? In ɓarawo ya shigo sai ka ce ya jira ka ka hau rumfa?"

Ni kuma, da na samu baki, sai na fara yi masa irin jawabin da nake yi a masallaci, doka ta ce kaza, kwamiti ya ce kaza. Bai bari na yi nisa ba.

"Yaya, kai ba a harbe ka ba. Ba ka kwanta a gefen hanya jini na zuba kana kiran sunan 'ya'yanka ba. Ina kwance a asibiti shi yaron rugar nan yana yawo. Yanzu ma yakan wuce ta ƙofar gidan nan, har gaishe ni yake yi."

Nan ya fito mana da komai. Ɗan maraƙin da yake kiwo, wanda ya ce mana ya kai wa surukinsa riƙo, ashe sayar da shi ya yi ya sayi bindigar. Ya san hanyar da saurayin ke bi idan ya kai shanu mashaya. Ranar kasuwa mai zuwa ya tsayar, lokacin da mutane suka tafi, daji ba kowa.

Inna kuwa ko muryarta ba ta ɗaga ba.

"Uwar yaron nan shekara ashirin tana kawo mini nono. In ka harbe shi, ko shi ne ko ba shi ba ne, kashegari gari da ruga za su kama, mutanen da ba su san komai ba su mutu. Matarka ta zama matar mai kisan kai, 'ya'yanka su tashi da wannan sunan. Tun da na haife ku ban taɓa ce wa ɗayanku ban yafe ba. Kada ka sa in fara da kai."

Ƙanena ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "In na kai musu, ai cewa za su yi ni ma ɗan fashi ne. Ɗaure ni za su yi."

Inna ta juyo gare ni. "Kai ne mai sanarwa. Gaskiya ne ba za a kama shi ba?"

A nan na gane cewa sati uku ina yi wa mutane alkawarin da ni kaina ban tabbatar za a cika ba. Faɗa mini aka yi na faɗa. Na fita bayan gida wajen da waya ke kamawa, na kira sufeton 'yan sandan da ke zama da mu a kwamiti. Dattijo ne mai sanyin magana, ya kusa ritaya. Bayan gaisuwa na ce, "Yallaɓai, wani bawan Allah ne ya ce in tambayar masa. Wai a ce mutum yana da ita, amma bai taɓa harbawa ba, in ya kawo..."

"Malam," ya katse ni, "wannan bawan Allah kai ne ko ɗan'uwanka?"

Na tsaya ina sosa ƙeya kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa.

Ya ce, "Abin da aka sanar shi za a yi. Baturen 'yan sanda da bakinsa ya faɗa gaban hakimi. In muka saɓa wa mutum ɗaya, wa zai ƙara yarda da mu? Ku zo gobe da hantsi, ina gidan dagaci."

Washegari na ba da shawarar mu bi ta bayan gari, ta wajen masussuka, inda ba mutane. Inna ta ce ta hanyar da kowa ke bi za mu bi, kuma mai bindiga shi zai ɗauki bindigarsa. Ta yafa mayafinta na zuwa unguwa. Haka muka fito, ni a gaba, ƙanena a tsakiya da buhu a kafaɗa yana ɗingishi, ita a baya. Tafiyar ba ta kai minti goma ba, amma ban taɓa yin gumi irin na ranar ba.

Daidai wajen mai shayi wani maƙwabcinmu ya tare mu. Ya gaishe da Inna, ya dubi buhun. "Malam, ina zuwa da sassafe haka, har da Inna? Me aka samu?"

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Rogo ne."

"Ba rogo ba ne," in ji Inna daga baya. "Bindiga ce, ta ɗana, za mu kai wa dagaci. In akwai a gidanku kai ma ka kai."

Duk mutanen da ke benci suka ajiye kofuna. Ni dai na ci gaba da tafiya ina kallon takalmana. Har yau akwai tsofaffin garinmu da in suka gan ni sai sun tambaye ni ya kasuwar rogo.

A ƙofar gidan dagaci muka tarar da shi a kan tabarma, ga sufeto, ga shugaban 'yan sintiri, ga sarkin baka shugaban mafarauta, ga kuma ardo. Gefe guda an jera abin da aka samu cikin sati ukun: 'yan tsofaffin bindigogin farauta da tsatsa ta gama cinyewa, irin waɗanda aka gada daga kakanni. Ƙanena ya durƙusa ya ajiye buhun ya ce, "Ranka ya daɗe, tawa ce." Dagaci ya ce Allah ya yi masa albarka, sannan ya dube ni ya ce, "Magatakarda, a rubuta." Na buɗe littafi na rubuta sunan ƙanena da hannuna. Rubutun nan nawa da ake yabo, ranar kamar kaza ta bi ta kan takardar.

Sufeto ya ɗauki bindigar ya buɗe ta, ya daɗe yana duba wajen da aka yi mata walda. Ya miƙa wa sarkin baka, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Sannan ya ja ni da ƙanena gefe, bayan bishiyar darbejiya.

"Ka cika naka, mu ma mun cika namu, kana iya tafiya gida," ya ce da ƙanena. "Ba dole ka faɗi inda ka samo ta ba. Amma akwai wata da 'yan fashi suka yar a wata hanya da 'yan sintiri suka bi su, tana ofishinmu. Da ita da wannan hannu ɗaya ne ya ƙera su. Ka je ka yi tunani."

Muka yi sallama muka kamo hanyar gida. A hanya ƙanena ya gaya mini cewa wanda ya sayar masa ya gargaɗe shi, ya ce ya san garinsu, ya san ƙofar gidansa. Ban matsa masa ba, don ni ma tsoron ya kama ni. Inna ma ba ta matsa masa ba, ta ce wannan kuma tsakaninsa da Allah ne.

Kwana biyu yana juya abin. Ranar Asabar bayan sallar asuba ya same ni ya ce in raka shi Gwaram. A ofishin 'yan sanda aka shigar da mu wani ɗaki, daga mu sai sufeto da baturen 'yan sanda, ba a bari ko masu gadi sun ji ba. Ya faɗa musu komai. Wani mai walda ne a wata kasuwa can tsallaken iyaka, ɓangaren Bauchi. A fili injin ban-ruwa da ƙofofi yake gyarawa, a bayan shago kuma yana wannan aikin.

Tunda ba yankinsu ba ne, sai da suka haɗa kai da takwarorinsu na can, abin ya ɗauki makonni. Waɗannan makonni ne mafi tsawo a rayuwata. Na kwashe matar ƙanena da yaransa na kai su gidana a Birnin Kudu, muka ce wa mutane awo za ta yi a asibiti. 'Yan sintiri suka riƙa zagayawa ta layinmu ba tare da sun faɗi dalili ba. Ina aji ina koyar da lissafi, waya na motsi a aljihu sai alli ya faɗi daga hannuna. Na sha tambayar kaina ko da rijiyar nan aka jefa ta da ba mu shiga wannan ba.

A halin da ake ciki kuma wani abu ya faru da ban zata ba. Labarin Inna da buhu ya zagaye gari, mutane suka ga ƙanena ya kai ya dawo gida lafiya, yana zuwa gonarsa. Kafin wa'adi ya cika aka fara kawo na gaske, ba masu tsatsa ba, har sai da kwamiti ya ƙara kwanaki. Wasu mata ne suka turo mazajensu. Daga ruga ma ardo ya zo da wasu a cikin buhu. Duk jawabin da na yi da lasifika bai yi aikin da magana ɗaya ta Inna ta yi a wajen mai shayi ba.

Wata ranar Litinin da hantsi sufeto ya kira ni. An kama mai waldan. Ashe ba sayarwa kaɗai yake yi ba, haya ma yake ba 'yan fashi, su yi aiki su dawo masa da ita. Ya faɗi sunayensu, aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka tare ƙanena na ciki, sun kuma amsa. Babu ko mutum ɗaya daga rugar bayan garinmu. Muryar da ƙanena ya ji kamar ya sani, ya san ta ɗin. Ta wani ɗan acaɓa ce daga wani ƙauye, wanda suke tsayawa tasha ɗaya suna jiran fasinja, wanda har asibiti ya je duba shi.

Ban iya faɗa masa ta waya ba, sai da na je. Na same shi a tsakar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Da na gama ba shi labari ya ajiye ta, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango. Sannan ya ce, "Yaya, da na kashe shi fa. Ran nan da na kashe shi, kuma da ina ganin daidai na yi."

Inna tana bakin murhu tana jin mu. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta tashi ta yi alwala ta shiga ɗaki, ba kuwa lokacin salla ba ne.

Babur ɗin ba a samu ba, an riga an sayar da shi ya yi nisa. Ƙafar ma ba ta koma daidai ba. Fashi bai ƙare ƙaf a ƙasar ba, amma hanyarmu ta lafa, mata suka koma cin kasuwa har yamma. Ƙanena ya bar acaɓa ya kama noman riɗi da sayar da taki. A hankali barkwancinsa ya dawo, kuma ni ne abin tsokanarsa na farko.

Sau ɗaya ya shirya ya tafi ruga don ya nemi gafarar saurayin nan. Ya dawo ya ce ya kasa. Wai yana isa saurayin ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka dama masa fura, ya yi ta tambayarsa ya ƙafa. Ya rasa ta inda zai fara, ya sha fura ya yi godiya ya taho. Muka kai maganar wajen liman, ya ce tunda Allah ya rufa asiri kuma ba a cutar da shi ba, a bar shi a rufe, ya dai riƙa kyautata masa.

Idan na tuna wannan abu, abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda na kusa ɓata komai don in kare sunana. Da na jefa ta rijiya, da mai waldan na nan yana ba da haya, da ƙanena na nan da zarginsa a zuciya yana neman wata. Na kuma gane cewa 'yan sanda, komai yawansu, ba za su san abin da ke kan rumfar gidan mutum ba. Mutanen gidan ne suka sani. Su kuma mutanen gida ba za su fito da shi ba sai sun ga cewa in aka yi musu alkawari ana cikawa. Dattijon sufeton nan ya cika nasa, bai kuma taɓa bari sunan ƙanena ya fita a matsayin wanda ya tona ba, sai bayan shekaru da ƙanen nawa ya fara ba da labarin da bakinsa. Da izininsa ma nake rubuta wannan. Allah ya saka wa dattijon da alheri duk inda yake.

Inna ta tsufa yanzu, jikoki ke ba awakinta abinci. Shi kuwa saurayin ya zama magidanci, 'ya'yansa huɗu. Nakan haɗu da shi a kasuwar Basirka ya kawo dabba. Ina ganinsa sai in tsallaka in kama hannunsa, in tambaye shi gida, in tambaye shi shanu, in tambaye shi yara ɗaya bayan ɗaya, in sake komawa kan shanu. Na san yana ganin malamin nan ya cika surutu. Yakan yi murmushi ya jira in gama, ni kuma sai in ƙi sakin hannun da wuri.